Ɓarawon Albasa Mai Shara

Ruwan farko na shekarar 1954 ya sauka a Kalgo da yammacin wata Laraba. Kashegari da sassafe Basharu dillali ya fito ƙofar gidansa ba hula, yana kururuwa wai an kashe shi.

Mutane suka sheƙo a guje. Ba su tarar da gawa ba, sai Basharu tsaye da hannu biyu a ka, yana nuna ɗakin ajiyarsa da leɓe. Ɗakin nan shi ne abin tinƙahonsa, don shi kaɗai ke da rufin kwano a unguwar, ba shi da taga ko ɗaya, ƙofarsa kuma da ƙaton kwaɗo. Yau ga kwaɗon a ƙasa an fasa, ga ƙofa a hangame, ciki wayam. Albasar da manoman Malisa suka haɗa suka aiko masa, don ya ajiye kafin masu saye su zo da mota daga kudu, ko ɓawo ba a bari ba.

Kafin hantsi Kalgo ta gama shari'a. Wa ya san hanyar ɗakin in ba wanda ya kawo kayan ba? Aka dunguma gidan Albarka mai jakuna, aka duba ƙarƙashin gado, sai ga kwando shaƙe da albasa, a lokacin da albasa ta yi ƙaranci a kasuwa har mata na raba ɗaya gida uku. Mai unguwa Ɗahiru ya sa aka zaunar da Albarka a zaurensa, dogari na gadi, aka ɗaure jakunansa a bayan gida. Ya ce in ranar kasuwa ta zagayo kaya ba su fito ba, sai gaban alƙali a Birnin Kebbi.

Da labari ya kai Malisa, Abdulgani, wanda manoman albasa suka ɗora a gaba, ya wuce Gwandu ya ɗauko Tambari mai bin sawu.

Tambari tsohon maharbi ne, gajere, mai tumbi. A faɗarsa, ya taɓa bin sawun ɓarawon akuya a kan fako tun daga Gwandu har Argungu, ya kama shi yana suɗar ƙashi. Ba wanda ya shaida wannan, amma an san ya sha gano shanun da suka ɓata. An kuma san ba ya yi wa kowa tambaya da cikinsa a wofi, don ya ce yunwa tana toshe ido.

*

Ya iso Kalgo a kan jakin aro, ya ɗaure shi, ya ci tuwon mai unguwa, sannan ya nufi ɗakin Basharu, jama'a na biye. Ya shiga ya durƙusa, ya shafa daɓe da tafin hannu, ya shinshina.

Ya ce, "Malam Basharu, wa ya share ɗakin ga?"

"Haka na iske shi."

"Har da turare?"

"Haka na iske shi, Baba Tambari."

Tambari ya miƙe yana kaɗa kai. "To, jama'a, ɓarawon ga ɗan gidan mutunci ne. Ya kwashe kaya, ya yi shara, ya yi turare. Da ya samu lokaci da shafen farar ƙasa ya yi."

Aka yi dariya, ban da Basharu da ke goge ido da bakin riga.

A waje ruwan sama ya wanke duk wani tsohon sawu. Amma Tambari ya zagaya, ya zagaya, sai ya tsaya cik. Ya nuna ƙasa da sanda.

"Ga shi! Jaki ne, kofaton baya na hagu da tsaga, ya ɗauko kaya mai nauyin gaske. Kowa shi matsa baya."

Ya sunkuya ya kama bi, mutane na binsa shiru kamar masu rakiyar gawa. Aka bi ta bayan masallaci, aka ratsa ta rumfar mahauta, aka kewaye rijiya. Sawu ya kai su har gindin wata bishiyar darbejiya a bayan gidan mai unguwa. Nan suka tarar da jaki a ɗaure yana cin kara. Jakin da ya kawo Tambari ne daga Gwandu.

Wani mahauci ya ce, "Baba, kayan mai nauyin gaske fa?"

Tambari bai ko kalle shi ba. Ya ɗaga ƙafar jakin, ya duba kofato da kyau, ya ajiye. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Mai bincike daga gida yake farawa. Wanga na wanke shi."

*

Albarka dogo ne siriri, zaman zaure ya ƙara ramar da shi. Tambari ya zauna kusa da shi, ya jawo akushin da iyalin Albarka suka aiko, ya ce in mutum na cikin damuwa bai kamata abinci ya lalace ba.

"Albasar da anka iske ƙarƙashin gadonka, daga ina?"

"Baba, buhunan Malisa sun tsufa, duk huji. Jaki na tafiya, albasa na zuba. Wadda ta faɗi ƙasa ta wa ce? Na tsince abin da na iya. Wadda ban gani ba ma ta fi yawa, awakin hanya sun san zancen."

"Ba ka ɗinke huji ba?"

"Ni sufuri anka ce in yi, ba ɗinki ba."

"Ta ina ka biyo?"

"Ta mashigin gulbi."

"Kun ƙetare lafiya?"

Albarka ya ɗaga kai yana duban azarar zaure kamar yau ya fara ganinta. "Lafiya lau."

"Jakuna ba su yi gardama ba?"

"Jaki ai ba a raba shi da gardama." Sai ya juyo ya dube shi. "Baba Tambari, jakunan ga su ne gonata, su ne rumbuna. In anka kai ni Birni, wa zai ba su ruwa, wa zai ba ƙannena tuwo? Wallahi ban taɓa kwaɗon Basharu ba."

Tambari ya yarda da rantsuwar. Amma ya lura mutumin bai rantse a kan mashigi ba.

*

Da safe ya je wurin Lauratu mai ƙosai, wadda kaskonta ke fuskantar gidan Basharu, babu mai shiga ko fita ba ta gani ba. Ya ci ɗaya, ya ɓata fuska.

Ta ce, "Kada ka ce komi. Ƙosai ba albasa ai sai haƙuri. Mun daɗe rabonmu da ita, ga ta jibge a ɗakin maƙwabci, na roƙe shi ya sayar mini ko ƙwarya guda, ya ce ba ta ƙananan mutane ba ce, ta mutanen Ikko ce, can kudu. Amma dai na tausaya mishi. Bawan Allah da bai taɓa riƙe fartanya ba, bana ya shiryu. Kullum asuba shina kora takarkarinsa da mangala, shina kai taki gona. Ga shi tun bai ga amfanin shiriya ba an yi mishi sata."

"Baƙin ido fa? Kin ga wani?"

Ta rage murya. "Wanda ya ɗauko ka. Abdulgani. Sau biyu na gan shi kafin ruwan nan, shina kewaya ɗakin, shina kara hanci a jikin ƙofa."

Tambari ya cusa sauran ƙosai a aljihu, ya tafi masaukin Abdulgani.

Abdulgani ya yi tsalle. "Ni? Ni da na biya ka kuɗin goro na ɗauko ka?"

"Jakin da ya ɗauko ni ma sai da na bincike shi. Mi ya kai hancinka ƙofar mutane?"

"Na taho in ce ya sayar da wuri."

"Saurin mi kake? Ai an ce in an jinkirta ta fi tsada."

Abdulgani ya sosa ƙeya. "Albasa ba dutse ba ce."

"Wace iri kuka aiko?"

"Mai kyau. Manya-manya. Duk wanda ya kwance bakin buhu zai gani."

"Gindin buhu fa?"

"Wa ke kwance buhu ta gindi, Baba?"

Daga nan ya ce cikinsa na murɗa, ya shige bayan gida, bai fito ba har Tambari ya gaji ya tafi.

*

Ana gobe kasuwa, Tambari ba shi da komai a hannu sai mutum biyu masu kauce wa ido da ɗaki mai ƙamshin turare. Duk inda ya gitta sai an tambaye shi lafiyar jakinsa. Ya ga zaman gari ba zai yi ba, ya ɗauki sanda ya kama hanyar Wurogauri, yana duban ƙasa don a ce aiki yake.

Rana ta take, ƙishirwa ta kama shi. A gindin wata tsamiya ya tarar da wata Bafulatana, Mairama, zaune ta yi tagumi, ƙwaryar nononta cike fal, alhali a wannan lokaci ya kamata a ce ta sayar ta juya gida.

"Inna, a dama mini fura."

"Sha kyauta, Baffa. In ka iya."

Kalmar kyauta ta hana shi jin sauran maganar. Ya ɗaga ludayi ya kurɓa, sai ya tsaya da nono a baki, ido ya kawo ruwa. Ya haɗiye da ƙyar.

"Inna, a tukunyar miya kike ajiye shi?"

Mairama ta fashe. "Haka kowa ke ce mini! Na wanke ƙwarya da toka, na sake sabuwa, na sake maburgi. Mutanen Kalgo sun ce na yi ƙazanta, waɗansu sun ce sammu anka yi mini. Tun kakata muke kawo nono garin ga, ba a taɓa mayar muna da shi ba sai bana."

Tambari ya sake kurɓa, wannan karon a hankali, yana juya shi a harshe. Albasa ce, ba ko shakka.

"Man shanun ma haka?"

"Har shi."

"To, ba ƙwarya ba ce. Ina shanunku ke kiwo?"

Ta kai shi ruga. Daga bakin garke ya kama sawun shanu, kuma yau ƙasa ta taimake shi, don tun bayan ruwan nan ta yi laushi. Ya ga inda garken ke tafiya a baje suna tsintar ciyawa, ya ga inda suka haɗe wuri ɗaya suka miƙe kamar masu zuwa biki. Bai yi nisa ba hanci ya karɓi aiki daga ido. Mairama ta toshe nata da gefen zane.

A ƙarshen wata gona da ba ta ga fartanya ba shekara da shekaru, ga tsibin taki ya kusa kai tsawon mutum. Shanu sun tone gefensa da ƙaho. Ƙudaje sun yi baƙi a kai. Ƙarƙashin ɗan takin da aka yafa, albasa ce tuli, wata ta narke, wata ta tsiro, wata kuma garau kamar yau aka cire ta.

Tambari ya jawo wani buhu da sanda, ya zazzage, ya daɗe yana tona abin da ke ciki. Sannan ya tambayi wani makiyayi da ke wucewa gonar wa ce. Da aka faɗa masa, ya zauna a kan kunyar gonar ya yi ta dariya har tumbinsa na rawa.

*

Ranar kasuwa da hantsi zauren mai unguwa ya cika, waɗanda ba su samu wuri ba suka tsaya a ƙofa. Ga Albarka kusa da dogari, ga Abdulgani, ga Basharu da sabuwar hula. Tambari ya shigo, Mairama na biye da ƙwarya a ka, wani mahauci kuma ya ajiye buhu a waje.

Tambari ya ce, "Ranka shi daɗe, kafin magana a jiƙa maƙoshi."

Aka zagaya da ludayi. Mai unguwa ya kurɓa, ya dubi Tambari, ya haɗiye don girma. Albarka ya furzar. Abdulgani ya ce a'uzu billahi. Da aka zo kan Basharu, ya shinshina, sai ya kafa kai ya shanye tas.

Tambari ya ce, "Yaya ka ji shi, Malam Basharu?"

"Nono ne. Lafiyayye."

"Ba ka ji wani abu ba?"

"Ko kaɗan."

"To, a ƙara mishi."

Aka ƙara. Ya shanye, hawaye na bin kumatunsa. Aka cika na uku. Basharu ya dubi ludayi, ya dubi jama'a, ya yi wata gyatsa da ta sa dogari ya ja da baya.

Tambari ya ce, "Ranka shi daɗe, kowa a zauren ga ya ji albasa a nonon ga, sai mutum ɗaya. Shanun su Mairama sun samu wata gona wajen Wurogauri inda anka kai taki mai daɗi. A tambayi mai gonar wane irin taki yake kaiwa da asuba."

Aka shigo da buhu aka zazzage a tsakar zaure. Waɗanda ke ƙofa suka watse, suka sake dawowa da hannu a hanci.

Basharu ya zame daga tabarma ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, ruɓewa ta yi. Motar farko ta zo, na ce a jira ta biyu, an ce ta fi saye da daraja. Ta biyu ba ta zo ba. Na buɗe ɗaki wata safiya, zafin kwano ya dafa ta, ruwa na bin daɓe. Na rasa abin da zan ce wa mutanen Malisa. Na ce in sata ce, ai ƙaddara ce, ba mai zargina."

Mai unguwa ya ce, "Ka kuwa zuba ido a kai Albarka Birni?"

Basharu ya sunkuyar da kai. Can sai ya ɗago da ƙarfi. "Amma a jiƙe ta zo mini! Wallahi a jiƙe ta zo!"

Albarka ya miƙe. "Ƙarya yake! A bushe na kawo ta!"

Tambari ya sa sanda ya tona tsibin, ya ɗago wani abu da yatsa biyu, ya nuna wa jama'a. Ɗan ƙaramin kifi ne, ya bushe ya lanƙwashe.

"Albarka, a Malisa ana shuka wanga tare da albasa?"

Zaure ya ɗauki dariya. Albarka ya koma ya zauna a hankali. "Jakuna ne sunka kwanta a tsakiyar mashigi. Zafi ya dame su. Na ja, na buga, sai da sunka ga dama. Na shanya buhunan a rana har bayansu ya bushe."

"Cikinsu fa?"

"Ba a ce in kwance ba."

Abdulgani ya tashi yana karkaɗa riga. "Kun ji ko! Guminmu na rani guda, muna jan jigon ban ruwa tun asuba, ɗaya ya jiƙa, ɗaya ya dafa!"

Tambari ya ce, "Zauna, Malam, naka na tafe." Ya ɗauko wata albasa ƙanƙanuwa mai kaurin wuya, ya matsa, ruwa ya fito. "Wagga ba ta nuna ba anka tumɓuke ta. An yanke lawashi ɗanye, ba a bari ta sha iska ba, anka ɗura a buhu, anka jera manya a baki. Shi ya sa kake kara hanci a ƙofa. Ka san abin da ka aiko."

Abdulgani ya ce, ƙasa-ƙasa, "An ce mutanen Masama za su riga mu kai tasu."

Nan fa aka kaure. Manomi na zagin mai jaki, mai jaki na zagin dillali, dillali na zagin kwano da wanda ya sayar masa da shi. Sai Lauratu mai ƙosai ta kutso daga ƙofa, ta durƙusa gaban tsibin, ta ɗauki ɗaya, ta ɓare ɓawon, ta ajiye gefe. Ta ɗauki wata. Kafin a ankara ta tara kusan ƙwarya guda, fari tas.

Ta ce, "Ranka shi daɗe, dubi. Wagga lafiyarta lau, Basharu ya haɗa da ita ya binne. Muna nan muna miya da ruwa da gishiri, jikata ba ta da lafiya na nemi guda ɗaya in yi mata romo ban samu ba, ashe tana can shanu na ci."

Basharu bai iya ɗaga ido ba.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce a kwance wa Albarka jakunansa, Basharu kuma ya nemi gafararsa a gaban jama'a, ya ɗauki cin jakunan har kaka. Maganar abin da mutanen Malisa suka rasa, ya ce dattawan ɓangarorin biyu za su zauna. Sannan su ukun su tafi gonar da kwanduna, su tone tsibin da hannunsu, mai kyau a raba wa matan gari, wadda ta tsiro a kai fadama a dasa don iri, ruɓaɓɓiya a binne ta da zurfi inda ƙaho ba ya kaiwa.

Mairama ta ce, "Ni fa, ranka shi daɗe? Ni ban noma ba, ban ɗauko ba, ban ajiye ba."

Mai unguwa ya shafa gemu. "Ke kam an zalunce ki. Daga yau duk nonon da kika tatsa, su ukun ga za su saya su shanye, har ranar da Tambari ya ɗanɗana ya ce ya koma nono."

Tambari ya ce shi ɗanɗano kawai zai riƙa yi, kuma ba kullum ba.

*

Suna cikin tonon, ranar da ta biyo, sai aka ji ƙugin mota a kan hanya. Wani direba mai ɗaurin kai da tawul ya sauko yana tambayar gidan Basharu dillali. Ya ce gada ce ta karye ta tsare su a hanya, amma a kudu yanzu albasa ta zama zinariya, ko nawa ce zai kwashe. Aka nuna masa gona.

Ya iske mutum uku zaune a inuwa, hannuwa duk dagwalo, ido jajur, ƙwarya a tsakaninsu, Mairama tsaye a kansu tana jira a miƙo mata abarta.

Direba ya yi sallama ya ce, "Wane ne Basharu? Ina albasa?"

Basharu ya dube shi, ya dubi motar da ke can tsaye. Ya cika ludayi ya miƙa masa da hannu biyu.

"Bismilla, Malam direba. Sha a hankali, abin da ya saura ke nan."